Yadda Muka Sa 'Yarmu a Makarantar Mishan a Sakkwato

Babbar 'yarmu tana aji shida na firamare muka fara shawarar inda za ta yi sakandare, ni da babansu. Ni haifaffiyar Sakkwato ce, a Mabera nake da shagon ɗinki. Shi kuma mutumin ƙasar Malumfashi ne, aikin asibiti ya kawo shi garin nan. Dukanmu Hausawa ne, dukanmu masu bin Yesu Almasihu ne, muna sujada a ECWA, sashen Hausa.

Firamaren da ta yi ta kuɗi ce a cikin unguwa, kuma ba ni da abin faɗa a kan malamanta sai alheri. Sun koya mata karatu da lissafi, sun riƙe ta da mutunci. Abin da babu shi ne malamin addinin Kirista. 'Ya'yan masu bi ba su da yawa a wurin, makarantar kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar malami saboda su kaɗai. In lokacin darasin addini ya yi, sai su fita su zauna gindin dogon yaro har a gama. Ba wanda ya tilasta musu komai, kuma haka doka ta tanada, domin sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a ɗora wa ɗalibi koyarwar addinin da ba nasa ba. Sai dai yarinyar da ta taso tana fita waje duk sanda aka zo maganar Allah, ko ba a ce mata komai ba akwai abin da zuciyarta ke ɗauka. Wata rana ina guga ta tambaye ni, "Mama, mu Hausawa ne ko Kiristoci?" Ashe wata ƙawarta ce ta ce mata ba a zama duka biyun.

Na ajiye dutsen guga na ba ta labarin kakana. Kuturta ce ta kai shi Amanawa, nan ƙasar Dange Shuni. Zamanin Turawa ba a sakar wa mishan mara su yi wa'azi ko su buɗe makarantu a ƙasashen sarakuna ba, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka ba mishan ɗin SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, riƙon wuraren jinyar kutare, irin su Amanawa da Babbar Ruga ta Katsina. A can kakana ya sami magani, a can ya ji bishara, a can kuma ya koyi karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga cikakkensa a 1932. Na riske shi da tsufansa. Ciwon ya cinye masa yatsu, da gefen tafin hannu yake tura shafi, amma bai taɓa yarda wani ya buɗe masa ba. Duk 'ya'yansa, maza da mata, sai da ya sa su makaranta. Na kuma faɗa mata sunan Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Dukansu masu bi ne, dukansu sun ratsa ta makarantar mishan ta Wusasa. Ta saurara, ta gyaɗa kai. Ni dai tun a ranar na ƙudurta cewa sakandarenta za ta yi ta a inda ake buɗe Maganar Allah tana zaune a cikin aji.

Babansu makarantar kwana ya so, a Jos ko kudancin Kaduna. Ya ce horon kwana daban ne, yaro yana koyon tashi da asuba da tsayawa da ƙafafunsa. Ban musa ba. Amma mun ga abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da makarantar Bethel Baptist ta Kaduna a watan da ya biyo baya, yadda 'yan bindiga suka kwashe yara, iyaye suka yi watanni suna kuka. Ga kuma hanyar Gusau zuwa Funtuwa da sai da addu'a ake bin ta. Muka kai maganar gaban Ubangiji, muka tsaya a kan jeka-ka-dawo a cikin gari.

Makarantun ikilisiya a Sakkwato ba su da yawa, kuma kusan duk mai bi ya san su. Akwai na Katolika, waɗanda tun zuwan limaman Dominikan a shekarun 1950 suke da hannu a harkar ilimi a wannan yanki, akwai kuma na wasu ɗarikun. Yawancin tsofaffin makarantun mishan na ƙasar nan gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, shi ya sa da yawa daga waɗanda ake gani yanzu sabon gini ne, da baikon masu bi da gudummawar bulo aka tashe su. Mun zagaya mun duba. Ni ba fenti nake kallo ba. Bayan gida nake fara leƙawa, sannan in tsaya lokacin tashi in ga yadda yara ke fitowa, ko suna gaishe da mai gadi, ko babba yana ture ƙarami. Wadda muka zaɓa ba ta ɗarikarmu ba ce. Abin da ya ja ni gare ta shi ne na tarar da malami ya tsaya bayan an tashi yana maimaita wa yara uku lissafi a kan allo, ba kuɗin lasin, ba komai.

Bayan Ista aka fara sayar da fom. Ana biya a banki a kawo takardar, a ba ka rasit da fom. Suna neman takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da hotunan fasfo, da sakamakon aji biyar da na shida, da takardar shaida daga hedimasta. 'Ya'yan masu bi kuma ana so su zo da wasiƙa daga ikilisiyarsu. Na je wurin Baba Pasto ran Laraba bayan addu'ar tsakiyar mako. Bai ɗauki biro nan take ba, sai da ya aika aka kira malamar makarantar Lahadi ta zo da rajista. Ya bi sunan yarinyar da yatsa mako-mako, ya tambayi malamar halinta, sannan ya rubuta. Ya ce, "'Yata, abin da na sani shi zan sa wa hannu. Takardar ikilisiya ba ta ɗaukar ƙari." Ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, ya buga hatimi.

Jarrabawar shiga ran Asabar aka yi ta, a tsakiyar zafin bazara, irin wanda ma'auni ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Turanci ne da lissafi da tambayoyin sanin yau da kullum. Mu iyaye muka taru ƙarƙashin rumfar kwano muna ta fifita da fayil. A nan na ga wata Hajiya da nake yi wa ɗinki, ta kawo ɗan autanta. Na ce, "Hajiya, ke ma nan?" Ta ce, "Awo, Maman yara. Yayyensa biyu nan sunka gama, ba wanda anka taɓa ma addini. Da marece Islamiyya shika zuwa. Ni ladabi da karatu nika biɗa, icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi." Muka yi ta hira har yara suka fito. Na daɗe ina tuna maganarta, domin abin da ya kawo ta da abin da ya kawo ni ba su yi nisa da juna ba, ko da yake kowa da alƙiblarsa.

Da sakamako ya fito sunanta yana ciki, sai aka kira mu intabiyu, aka ce lallai uwa da uba su zo tare. Babansu ya yi musayar aiki da abokinsa muka tafi. Na zaci yarinyar za a yi wa tambayoyi, ashe rabin zaman namu ne.

Shugabar makarantar dattijuwa ce daga Binuwai, ta daɗe a Sakkwato har Hausarta ta kama. Ofishinta ƙarami ne, fanka ɗaya, a bango an rubuta Karin Magana 22:6, ayar nan da ke cewa a goyi yaro a hanyar da zai bi, ko ya tsufa ba zai rabu da ita ba. Ta ba yarinyar wani ɗan littafi ta karanta sakin layi da Turanci. Ta karanta, tana ɗan tuntuɓe. Sai ta ce mata, "Wace aya kika haddace?" Yarinyar ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce da Hausa ta iya. Shugabar ta ce, "To, da Hausar nake so." Ta miƙe tsaye, ta haɗa hannu a baya kamar yadda suke yi a makarantar Lahadi, ta fara, "Ubangiji makiyayina ne," ta kai Zabura 23 har ƙarshe ba ta tsaya ba. Na ga babansu ya kawar da fuska wajen taga.

Aka ce ta jira a waje. Shugabar ta rufe fayil ta fuskance mu. Ta tambaya ko muna addu'ar iyali, da wane lokaci, wa ke bi da ita. Ta tambaya ko yarinyar na da waya, wa take kwana da shi a ɗaki, wane aikin gida ne nata. Ta tambayi babansu yaushe rabon da ya zauna shi da ita su biyu su yi hira. Sannan ta ce, "Baba, Mama, bari in faɗa muku gaskiya. Akwai iyayen da ke kawo mana yaro su ce ga shi nan ku gyara. Mu ba ma iyawa. Daga bakwai da rabi zuwa biyu take hannunmu, sauran yini da dare naku ne, Asabar da Lahadi naku ne, hutu naku ne. In mun ce kada ta yi ƙarya, ta koma gida mai bin bashi ya zo kuka ce ta ce ba kwa nan, to kun rushe aikin zango guda a minti ɗaya." Ta miƙo mana takardar alkawari: za mu riƙa duba littafin aikin gida mu sa hannu, za mu halarci taron iyaye da malamai, ba za mu ba ta waya ta zo da ita ba, kuma ba za mu taɓa neman a taimaka mata a ɗakin jarrabawa ba, ko ta aji ko ta WAEC. Muka sa hannu mu biyu.

Na fito ofishin nan da nauyi a kafaɗa, amma raina a kwance. Da ta yi mana alkawarin za ta mai da 'yarmu mala'ika, da ban yarda da ita ba.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ba zan ɓoye komai ba. Makarantar mishan a yau ba ta talaka ba ce. Ga kuɗin zango, ga na littattafai, ga yunifom da kayan wasanni, ga na kabu-kabu safe da rana, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Na roƙi uwar adashinmu ta mai da kwasata watan Agusta. Na sayi yadin yunifom a wurinsu na ɗinka da kaina, aka rage mini kuɗin ɗinki. Babansu ya je wurin ma'ajin makarantar aka yarda mu biya kashi biyu. Mu da muke da albashi da keken ɗinki ke nan. Na san gwauruwa a Zumuntar Mata wadda ta ɗauki yashi a kanta lokacin da ake ginin wata makarantar ikilisiya, yau ba ta iya sa jikanta a ciki. Wannan abu yana ci mini rai. Na san malamai ma sai an biya su, kuma gwamnati ba ta ba waɗannan makarantu ko sisi. Amma mishan ɗin da suka koya wa kakana karatu ba su tambaye shi abin da ke aljihunsa ba. Na tashi na faɗi haka a taron iyaye na farko, muryata na rawa. Ba a warware matsalar ba, sai dai an kafa ɗan asusu na marayu, kowane iyali na sa abin da ya sawwaƙa kowane zango, mu kuma a zumuntarmu muka ɗauki nauyin yarinya ɗaya. Bai isa ba, kuma ina nan ina ta maimaita maganar a duk taron da aka ba ni dama.

A watan Satumba ta fara. Kowace safiya akwai taro a fili: waƙa ɗaya, karatun aya, gajeren bayani, addu'a, sannan taken ƙasa. Darasin addinin Kirista yana cikin jadawali kamar lissafi, da jarrabawarsa. Yaran Musulmi ba a sa su yin addu'ar da ba tasu ba, ran Juma'a kuma ana tashi da wuri don su sami masallaci.

Abin da ya fara nuna mini cewa wahalarmu ba ta faɗi ƙasa banza ba, a gwajin tsakiyar zango ya faru. An kama wani yaro da amsa a rubuce a cinyarsa, ɗan wani babba a ikilisiyar da ke da makarantar. Kowa ya zuba ido ya ga ko za a rufe. Ba a rufe ba. Aka soke takardarsa, aka kira iyayensa, aka dakatar da shi. Da ya dawo, shugabar ta tsaya da shi a taron safe, ba don ta kunyata shi ba, ta ce ya amsa laifinsa, ya karɓi horonsa, daga yau duk wanda ya kira shi ɓarawon amsa shi ne mai laifi. 'Yata ta dawo tana ba ni labari da mamaki. Hukuncin bai ba ta mamaki ba, yafewar ce ta tsaya mata a rai. A ƙasar da iyaye da kansu ke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake rubuta musu amsa a allo, yarinya ta ga da idonta cewa laifi laifi ne ko ɗan wa ya yi shi, kuma wanda ya tuba ana karɓarsa. Wa'azi goma ba zai dasa mata wannan kamar yadda ganin ido ya yi ba.

Ba komai ne ya tafi sumul ba. Yawancin 'yan ajinsu iyayensu daga Kudu suke ko Filato da Binuwai, kuma a makon farko wasu suka riƙa ce mata, ke Bahaushiya ce, me ya kawo ki coci? Tambayar da ta baro a firamare ita ta tarar a nan, ta ɗaya gefen. Wannan ya fi yi mini ciwo, domin daga 'yan'uwa cikin Almasihu ya fito. Na je na sami malamin addininsu na faɗa masa. Bai yi wa kowa faɗa ba. Da suka zo Ayyukan Manzanni sura 2, inda a ranar Fentikos kowa ya ji bishara da harshen garinsu, sai ya ce kowane yaro ya zo da Littafi Mai Tsarki na harshen gidansu. Aka karanta da Ibo, da Yarbanci, da Tibi, ita kuma ta karanta da Hausa daga tsohon littafin kakana da na naɗe mata a ɗankwali. Malamin ya ɗaga shi ya nuna musu, ya ce wannan littafi ya girmi iyayen kowa a ajin nan. Tun daga ranar ban sake jin ƙorafin ba.

Akwai kuma abin da duk mai bi da ke renon yara a garin nan yake ɗauke da shi a zuci. Ba mu manta da watan Mayun 2022 ba, da aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi bisa zargin ɓatanci, gari ya rikice har aka sa dokar hana fita. Muna so 'ya'yanmu su tsaya a kan bangaskiyarsu ba kunya, muna kuma so su san nauyin harshe. Makarantar tana koyar da wannan a fili, daga 1 Bitrus 3:15, cewa ka kasance a shirye ka ba da dalilin begenka ga mai tambaya, amma da tawali'u da bangirma. Ana gaya musu ba a zagin abin da wani ke girmamawa, ko a baki ko a waya, kuma ba don tsoro kaɗai ba, don Almasihu bai koya mana zagi ba. Ni ma haka aka tashe ni. Maƙwabtanmu na aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafa da cincin ran Kirsimeti, in ana azumi ba ma barin yara su ci abu a ƙofar gida. Na ji daɗi da na ga abin da nake faɗa a tsakar gida shi malami ke faɗa a aji, shi kuma Baba Pasto ke faɗa ran Lahadi. Yaro in ya ji magana ɗaya daga bakuna uku, da wuya ya ɗauke ta wasa.

A gida kuwa alkawarin da muka sa wa hannu ya ƙara mana aiki. Bayan tuwon dare muna zama, ita ke karanta sura da Hausa, ƙannenta su kawo ayar haddarsu, mu rera ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, babansu ya rufe da addu'a in ba ya aikin dare. Da gangan muka bar zaman nan da Hausa, tunda Turanci ya cinye mata yini. Ina so in ta shiga matsala wata rana, addu'ar da za ta fito mata ta fito da harshen da take kuka da shi. Manzo Bulus da yake yabon bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya ambata, kuma ina yawan tuna wannan in gajiya ta sa na ji kamar in ce a kwanta yau. Ran Asabar babansu kan ɗauke ta a babur su je cefane Babbar Kasuwa su biyu, a hanya take gaya masa abin da ni ba ta gaya mini.

A watan Disamba muka karɓi sakamakon zangon farko. Tana tsakiyar aji, lissafi da addini sun yi kyau, Turanci yana baya, malamar ta ce a samo mata littattafan labarai ta riƙa karantawa da ƙarfi. A gurbin hali an rubuta cewa tana faɗin gaskiya ko da a kanta ne. Na biya cikon kuɗin zango na biyu kafin Kirsimeti, da kuɗin ɗinkin bikin da na tara. Ƙaninta yana aji biyar yanzu, fom ɗinsa sai Istar baɗi, kuma na riga na gaya wa uwar adashi ta rubuta ni hannu biyu.